Wasan da munka tura kyauta, wa ya biya kuɗinshi?



Duk mun san yadda wasan bidiyo ke shigowa garinmu. Ba mu taɓa zuwa kanti mun saye shi cikin kwalinshi ba. Yaro ya kai waya wurin mai sharji, ya ba da dala ashirin ko arba'in, a cika mashi da ƙwallo, tseren mota da yaƙi. Gidan wasa kuwa, PlayStation ɗin an riga an buɗe ta tun daga kasuwa, wasanni hamsin na kwance cikin ƴar na'ura guda. Mu dai sunan abin wurinmu turawa. Waɗanda sunka ƙera wasan, sata suke ce mashi.

A yi maganar kuɗi tukuna. Sabon wasan ƙwallo na kamfanin EA, wanda munka saba kira FIFA kafin a sake mashi suna a 2023, yana kai Yuro 70 a Turai, kusan jikka 46 ke nan. Ya fi mafi ƙarancin albashin wata a Nijar. Wa zai saida buhun hatsi don ɗanshi ya buga ƙwallon talabijin? Ko mai kuɗin ma, sai ya samu katin banki da intanet mai ƙarfi. Shi ya sa da yawanmu ke cewa: su can Amurka da Japan me ya rage masu?

To amma doka ba ta ce haka ba. Nijar na da dokar haƙƙin mallaka ta ranar 23 ga Disamba 2010, akwai ma'aikatar BNDA a Yamai mai kula da haƙƙin mawallafa, kuma ƙasarmu na cikin ƙungiyar OAPI da anka kafa da yarjejeniyar Bangi a 1977. Kwafar aikin wani a saida ba da izninshi ba laifi ne, ko da ba mu ga jandarma ya zo kama kowa ba. Ta fannin addini ma, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce, bai halatta a ci ta ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne halin da munka koya: duk abin da ya shiga waya ba shi da mai shi. Wannan hali bai san baƙo ba, bai san ɗan gida ba. Ku duba finafinan Kano. Da, kaset da faifai ne ke ciyar da masu shiryawa. Da turawa ta yi yawa, kasuwar faifai ta mutu, sunka koma YouTube suna jiran talla ta biya su. Mawaƙanmu kuma, waƙarsu na kowace waya daga Matankari har Dogon Kiriya, amma sai a gidan biki suke ganin ko dala.

Yanzu a ce wani yaronmu da ya yi karatun kwamfuta ya zauna shekara biyu ya ƙera wasa kan Sarauniya Mangu, yadda ta tare sojojin Bule da Shanuwan a Lugu a 1899, nan cikin gundumarmu. Ba tatsuniya ba ce, a Kamaru matasan Kiro'o Games sun fitar da wasansu Aurion a 2016. Ranar da namu ya fito, mutum guda zai saya, kafin magariba ya zagaye tasha. Yaron ya ci me? Sai ya tattara ya nufi inda ake biya, tarihin Lugu kuma ya jira wani baƙo ya zo ya ƙera ya saida muna.

Ga kuma haɗari na kusa. Wasan da anka fasa, wani lokacin da ƙwayar cuta yake zuwa, ta shiga wayar da ke ɗauke da lambobin sirri da kuɗin da ƴan ci-rani ke aikowa. Araha ba ta ado.

Ba mu ce a rufe gidajen wasa ba, matasa na cin abinci da su. Amma akwai wasannin da masu su sunka saki kyauta da kansu, kamar eFootball na Konami tun 2021, masu turawa su fi ba da ƙarfi nan. In kuma aikin ɗan ƙasa ne, wasa, waƙa ko fim, mu biya ko kaɗan ne, mu hana a raba shi a banza gabanmu.

Masu turawa da masu gidajen wasa, ku ma muna son jin ta bakinku. Allah ya ba mu halal, ya sa albarka ga sana'ar kowa.