Alƙalamin da Aka Yi Waƙafinsa

Da kakana ya rasu a Zangon Kumasi, abin da ya faɗo a rabona gafaka ce guda, cike da takardun ajami: wa'azi, lissafin goro, da wasiƙun da bai aika ba. Shekaru na ajiye ta a saman sif, har ranar da na tarar gara ta fara cin gefen takardun. Nan na ƙudura in kwafe su da ajami da boko, in buga kwafi hamsin in raba wa dangi, tunda yawancin jikokinsa Turanci kaɗai suke iya karantawa.

Da na kai shafukan farko wata maɗaba'a, sai duk wani ƙ da ɗ da ɓ suka fito 'yan akwatuna. Mai wurin ya ce, "Alhaji, ka cire ƙugiyoyin mana, ai za a gane." Na nuna masa inda marigayi ya rubuta cewa baƙi sun cika gida, na ce idan na bi shawararsa baki ne zai cika gidan. Na ajami kuwa ya fi muni. Kwamfutarsa rubutun Gabas ta sani, alhali mu ɗigon fa a ƙasa muke sa shi, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, kamar yadda Alhaji Umaru na Kete Krachi da malaman zamaninsa suka rubuta. Ban zargi kowa ba. Kamfani riba yake nema, kuma masu buga ajami a zanguna ba kasuwar da za a yi wa wahala ba ce.

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatun kwamfuta, shi ya fitar da ni. Ya ce akwai manhajojin da masu su suka bar asirin ƙirarsu a buɗe: kowa na iya ɗauka, ya duba cikinsu, ya gyara, ya ba wani. Ya ba ni labarin Richard Stallman da lasisin GPL na 1989, wanda ya shar'anta cewa duk wanda ya gyara manhaja ya rarraba ta, dole ya bar gyaransa a buɗe kamar yadda ya samu. Sannan ya sa mini LibreOffice, da zubin haruffan Charis na boko, da wani na ajami da aka ƙera bisa rubutun Kano, aka kuma sa masa suna Alkalami. Ko sisi ban biya ba. Daren da na ga basmala ta fito a allon kwamfuta da kaurin nan na rubutun allo, na daɗe ban ce komai ba.

Da baffana ya ji cewa ƙungiyar SIL ce ta ƙera haruffan, kuma ta Kiristoci ce masu nazarin harsuna, sai ya tambaya ko ba za su waiwayo wata rana su ce a biya ba. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin lasisin, wato OFL, wanda sigarsa ta yanzu ta fito a 2007. Izinin da ya bayar ba ya rataye da kirkin wanda ya bayar: muddin ka kiyaye sharuɗɗa, abin da ke hannunka naka ne ka yi aiki da shi. Littafin da ka buga da haruffan kuma lasisin bai shafe shi ba, ka sayar ko ka kyautar. Ni dai abin ya fi yi mini kama da rijiyar waƙafi.

Sai dai rijiyar waƙafi idan guga ya tsinke babu wanda za ka kama. A ƙarshen lasisin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu garanti ko kaɗan. Da na kai aikin maɗaba'a aka buɗe shi da Word, sai layuka suka goce, wasulla suka hau kan juna, shafi arba'in ya koma arba'in da bakwai. Babu ofishin da zan je in yi ƙorafi. Bayanan taimako duk da Turanci suke, Turancin ma na masana. Mako biyu muka ɓata kafin yaron ya gane cewa sai mu mayar da aikin PDF, haruffan na ƙunshe a ciki, wanda lasisin ya yarda da shi. Ba don shi ba da na haƙura, kuma ba kowane gida ne ke da irinsa ba.

Saɓani ɗaya muka yi da shi. Ya lura cewa kakanmu yana jan wutsiyar wasu haruffa fiye da yadda suke a Alkalami, sai ya ce, "Kawu, bari in gyara su su dace da hannunsa, in riƙa sayar wa malamai." Muka koma ga lasisin. Gyara halal ne. Amma dole ya canza suna, domin an keɓe sunan asali. Dole gyararren ya zauna ƙarƙashin lasisin nan. Kuma ba a sayar da haruffan su kaɗai. Ransa ya sosu, ya ce wahalarsa fa? Ban raina wannan magana ba, domin yaro ne mai neman kuɗin makaranta. Na ce masa ya karɓi ladan buga wa malamai takardunsu da tsara su, wannan babu mai hana shi, amma haruffan a kyauta ya same su.

Kwafi hamsin ɗin sun ƙare a ranar sadakar shekara. Yaron kuma yana nan yana fama da wutsiyar nun, ya ce idan ya gama sunan kakanmu zai sa wa zubin. Malamai biyu daga Tamale sun riga sun aiko masa da nasu takardun.