Murya Ba Hoto



Mu uku ne a wurin Baba, kuma duk a Kakuri aka haife mu, lokacin da jiniyar masaƙu ce agogon unguwa. Baba ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun nan ne, amma Asabar da Lahadi yakan saɓa kyamara a kafaɗa, irin mai cin babban kaset ɗin nan, ya tafi ɗaukar biki da suna. Da masaƙu suka fara durƙushewa, KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, tasu ma ta tsaya a tsakanin nan, sai abin da yake yi don sha'awa ya zama shi ne tuwon gidanmu. A 2004 ya haɗa abin da yake da shi, Umma ta ƙara da kuɗin adashinta, ya sayo kwamfuta.

Ba irin ta shagon buga takardu ba ce. 'Yar gwanjo ce, irin waɗanda aka ƙera don masu zanen gini da masu tace fim, mutum ɗaya ba ya ɗaga ta sai ya yi nishi. A cikinta akwai wani dogon kati na ɗaukar bidiyo, a bayansa ramuka: rawaya, ja da fari. Baba yana kiranta Giwa, Umma tana kiranta kishiya. Da ya rasu muka lulluɓe ta da tsohon zani, ta yi shekara goma sha ɗaya a lungun ɗaki. Kasa-kasan da ya bari kuwa, yoyon rufi da fumfuna sun gama da su tun daminar farko.

Abin da ya sa muka yaye zanin shi ne bikin autarmu. Umma, wadda yanar ido ta fara rage mata gani, ta ce tana so ta kalli bidiyon sunan yarinyar kafin a kai ta ɗakin miji. An yi sunan a watan Nuwamba na 1999, kuma mun san Baba ya juye kaset ɗin cikin Giwa, domin da shi ya koyi aikin.

Da farko mun ɗauka abin wasa ne. Na tsakiyarmu, wanda ke taɓa gyaran waya, ya kwance rumbun kwamfutar, wato ƙaramin akwatin ƙarfen da take ajiye komai a ciki, ya jona shi da laftof ta wata 'yar mahaɗa. Ga fayil nan, SUNA99, an yanka shi gida biyar, kowanne da AVI a ƙarshen sunansa. Muka tara kowa a falo, aka danna. Sai ga guɗa, ga kalangu, ga hayaniyar yara. Allo kuwa baƙi ƙirin. Can sai wata murya ta ce, "Ku matsa daga bakin ƙofa, kuna tare mini haske." Umma ta ajiye carbinta.

Mun gwada duk manhajar kallo da muka sani, ta waya da ta kwamfuta. Wata ta ce ba ta gane fayil ɗin ba, wata ta ba mu murya kawai, wata ta watso mana kore da shunayya kamar an zubar da rini. Mun kwana biyu muna zargin fayil ɗin ya lalace, kafin mu fahimci abin da ya kamata mu fara sani. AVI, wanda Microsoft ta fito da shi a 1992, buhu ne kawai. Sunan buhu ba ya gaya maka ko gero ne a ciki ko dawa. Murya da hoto kowanne an matse shi da tasa dabarar, ita ake kira kodek, kuma a farkon fayil akwai haruffa huɗu da ke faɗin wane kodek ne ya matse hoton. Muryarmu ba a matse ta da wata dabara ba, shi ya sa kowace na'ura ke jin ta. Hoton kuwa, dogon katin nan ne ya ƙulle shi da irin nasa ƙullin, kuma mai ƙulli shi ya san bakin zare. Ashe abin da muka kwafo rabin bidiyo ne. Ɗaya rabin yana cikin Giwa.

Wannan ba matsalar talaka ba ce kaɗai. A Amurka, injinan Silicon Graphics da aka yi dabbobin fim ɗin Jurassic Park da su a 1993 sun fi mota tsada a zamaninsu. Kamfanin ya karye a 2009, yau kuma masu sha'awa ne ke bin gwanjo suna neman kayan gyaransu. Bambancinmu da su, su nishaɗi suke yi, mu kuma saura kwana goma sha tara biki.

Muka mayar da rumbun, muka jona Giwa da wuta. Fanka ta juya sau biyu ta tsaya. Muka ɗora ta a Keke Napep zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a kasuwar Kakuri, wanda kowa ke kira Injiniya. Ya buɗe, ya hure ƙura, ya haska tocila, ya nuna mana wasu 'yan gwangwanaye a kan babban allon ciki, kawunansu sun kumbura, biyu har sun yi tsatsa. "Kafasita ne, 'ya'yana. Shida sun mutu." Babbanmu ya ce, "Baba Injiniya, za ta tashi kuwa?" Ya ce, "Idan ba ku dame ni ba." Ya ciro wasu daga gawar wata na'ura, ya manna da dalma, ya canja ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe wa kwamfuta kwanan wata. Rana ta uku Windows XP ta buɗe da koren tudunta da shuɗin samanta. Autarmu, wadda ba ta taɓa ganin hoton ba, ta ce ai wurin ya yi kyau.

A gida muka buɗe fayil ɗin a manhajar da Baba ke aiki da ita. Guɗa, kalangu, yara. Taga baƙa.

Wannan daren ne muka yi faɗa. Babbanmu ya ce an yi asarar kuɗin gyara, a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo. Na tsakiya ya ce katin hoto ne, a nemo wani. Muka canja yawan launi, muka rage girman allo, muka cire direba muka mayar, duk a banza. Umma tana daga ɗaki tana jin mu. Da safe, tana dama koko, ta ce, "Ni fa ban taɓa ganin babanku yana kallon biki a wannan gilashin ba. Kullum da 'yar talabijin a gefe. Wancan na rubutu ne."

Muka kalli juna. Ramin rawaya! Katin ba ya aika hoton zuwa allon kwamfuta sai in ya dace da katin hoton da ke ciki. Ta baya yake fitar da shi zuwa talabijin, domin mai tace bidiyo ya ga launi kamar yadda masu biki za su gani a gida. Duk binciken da muka yi a intanet bai kai mu nan ba. Matar da ta shekara tara tana kai wa mai injin shayi ce ta sani. Muka aro tsohuwar talabijin mai ƙusumbi a maƙwabta, muka soka waya. Sai ga tsakar gidanmu.

Murnar ba ta yi nisa ba, don hoton yana tafiya yana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa, murya ta wuce shi da nisa. Bidiyonmu na nan ƙasar hoto 25 ne a kowace daƙiƙa, mu kuwa da ƙyar muke samun goma. Wannan kam na tsakiyarmu ya gano shi. Windows XP tana da wata ɗabi'a: idan ta yi ta samun kuskure wajen karanta rumbu, takan sauka daga hanya mai sauri, DMA, ta koma PIO, inda ƙwaƙwalwar injin ce ke dakon kowane ɗigon bayani da kanta. Faffaɗar wayar rumbun ce ta tsage a lanƙwasa, wataƙila ma mu muka tsaga ta ranar da muka kwance. Injiniya ya ba mu wata mai silli 80, muka goge hanyar daga jerin na'urori, muka kashe muka kunna. Hoto ya miƙe.

Minti hamsin da biyu ne. Ba jaririyar muka fi kallo ba, ita kanta ta yarda da haka. Mutanen gidan muka kalla. Ga Maman 'yan biyu, 'yar Bajju, tana juya tukunyar shinkafa da Umma. Ga tela Bayerabe na ɗakin farko ya sha hula. Ga wani Inyamuri abokin aikin Baba yana ƙoƙarin riƙe ƙafar rago, ana yi masa dariya. Wata uku bayan wannan rana, a Fabrairun 2000, Kaduna ta kama da wuta. Wasu suka haye gada zuwa Tudun Wada da Rigasa, wasu suka nausa Sabon Tasha da Unguwar Romi, mu muka zauna inda muke. Umma ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin wanda ya rasu, da wanda ya koma garinsu, da mutum biyun da ba a sake jin labarinsu ba.

Baba ba ya ciki. Mun san haka tun farko, amma ba wanda ya furta: mai riƙe da kyamara ba ya fita a hoto. Sai a minti na arba'in da ɗaya, da ya shiga ɗakin Umma yana bin jeren kwalla da samira, kyamarar ta gifta madubin kabad. Daƙiƙa uku. Farar riga, rabin fuska, ido ɗaya a rufe. Mun maimaita wurin har aka ɗauke wuta.

Mun juya fayil ɗin a cikin Giwa zuwa tsarin DV, wanda kowace na'ura ke karantawa, ko da yake awa ɗaya tana cin kusan gigabait 13. Kwana ta yi tana gurnani a kan janareto. Yanzu yana wuri huɗu, an kuma nuna shi ranar kamu. Umma dai ta ce a sa mata muryar zalla a wayarta, hoton yana gajiyar mata da ido.

A rumbun akwai sauran folda 43, bukukuwan mutane, kowace da sunan unguwa da shekara kamar yadda Baba ya rubuta. Mun juya bakwai. Ta takwas an rubuta mata BARNAWA 05, kuma tun jiya Giwa ta fara wani ƙara a fankar baya. Injiniya ya ce mu kawo ta ranar Litinin.