Ƙwaryar da muka sassaƙa ni da Abba

Muna nan Grand Rapids ta jihar Mishigan. Na san na yi shiru kwana biyu, har Yaya Babba ta aiko tana tambaya ko sanyi ne ya daskarar mini da hannu. To Yaya, ba sanyi ba ne, jita ce.

Kafin wani ya ce wane ya je Amurka ya koma maroƙi, ku tsaya ku ji. Abba ya kai shekara 15, kuma an yi kusan shekara guda hirarmu ba ta wuce "ka ci abinci?" da "e" ba. In na yi masa Hausa sai ya mayar da Turanci, ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Abin ya dame ni ƙwarai. Ran nan sai ya nuna mini hoton wata jitar lantarki, irin mai rami a ciki, ya ce ita yake so. Da na ga kuɗinta na yi dariya, na ce ai kakanka masassaƙi ne, turmi da akushi yake fafewa, mu sassaƙa tamu mana. Da wasa na faɗa, yaro ya riƙe magana.

Irin wannan jita kusan a ƙofar gidanmu ta yi suna. Garin Kalamazoo tafiyar kamar awa ɗaya ne daga nan, kuma can kamfanin Gibson ya fito da samfurin ES-150 a 1936, wanda Charlie Christian ya shahara da shi. Na ce wa Abba dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Gurmi ƙwarya ce da fata da tsirkiya, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa gwangwani ne. Ramin shi ke ba da murya.

Mun fara a watan Satumba na 2023 a ɗakin ƙasa na gidan da muke. Fuskar jitar ta icen sufurus ce, wani dangin fain mara nauyi, baya da gefe kuma na mafal, mai tauri. Ana haɗa falle biyu da gam, kaurinsu kamar inci ɗaya, sannan a yi ta fafewa ciki da waje har ta yi doro, tsakiya ta koma kamar rubu'in inci, baki-baki ya fi haka siranta. Kana fafewa kana ƙwanƙwasawa da yatsa, kamar yadda Inna ke yi wa tukunya a kasuwa kafin ta biya. Sai a yanka ramuka biyu masu siffar harafin f, a manna sanduna biyu ta ciki don su tallafe ta. Gefen kuwa siririn katako ne da ake jiƙawa a lanƙwasa a jikin bututun ƙarfe mai zafi. Biyu muka karya kafin na uku ya yarda.

Wuya shi ne wurin lissafi, kuma nan Abba ya fi ni. Daga inda tsirkiya ta tashi zuwa jakin da ta hau inci 24 da uku bisa huɗu ne, kuma dole matakin ƙarfe na 12 ya faɗo daidai tsakiya. In ka kuskure kaɗan, duk waƙar da aka kaɗa sai ta karkace. Shi ya auna, ni na ja zarto.

A watan Janairu na 2024 muka ga ta kanmu. Na sauko da safe na tarar fuskar ta tsage daga bakin rami ɗaya zuwa ƙasa, aikin wata uku. Laifina ne. Na'urar ɗumama gida tana busar da iska kamar hunturun Kano, ni kuma ban sa abin da zai riƙe damshi ba, alhali masu wannan sana'a suna barinsa wajen kashi 45 cikin 100. Wallahi na zauna a kan matakala na rasa abin faɗa, don na ɗauka shi ke nan, yaro zai koma ɗakinsa. Sai ga shi ya sauko ya duba, ya ce da ni da Hausarsa mai tuntuɓe: "Baba, a ɗinke ta, kamar ƙwarya." Ashe yana ji lokacin da nake ba shi labarin masu ɗinkin ƙwarya. Muka zuba gam a tsagar, muka matse, muka manna ƙananan faci ta ciki. Tabon yana nan, mun ƙi rufe shi da fenti mai duhu.

Saura lantarki. Abin da ke ɗaukar sauti suna ce masa fikof, amma ba a-kori-kura ba ce. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na karkarwa a kansa sai ya haifar da 'yar wuta, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar. Ranar da muka fara jonawa, a watan Mayu, Abba ya murɗa sauti sama, sai jita ta ƙwala ihu har maman Abba ta sauko a guje. Dalili shi ne ƙarar lasifika tana girgiza fuskar, fuskar ta girgiza tsirkiya, fikof ya sake ji, abu ya yi ta zagayawa. B.B. King ma tsumma yake cusawa a ramukan tasa, kuma don rage wannan ihun ne Gibson suka sa gungumen katako a tsakiyar ES-335 a 1958. Na ce mu cusa tsumma, Abba ya ce a'a, zai rage sauti ya juya wa lasifika baya. Jitarsa ce, na bar shi.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har yanzu yana ce wa mace "shi", kuma wani lokaci ƙofar tana rufe. Amma ya san tsirkiya, ya san jaki, ya san samfefa, kuma jiya ya tambaye ni ina gizagon Kaka yake. Yaya, don Allah a duba ɗakin Baba. In yana nan a ajiye mana, ko ƙotar ta karye.

A gaida Inna da kowa da kowa. Sai wani jiƙon.

Naku a kullum,
Baban Abba