Allurar da Ta Makara a Hanya

Duk likitan da ya yi aiki a ɗakin haihuwa na asibitin gwamnati a Arewa cikin shekarun 1990, in ka tambaye shi abin da ya fi hana shi barci, da wuya amsarsa ta wuce abu biyu: zubar jini da jijjiga. Ita zubar jini, ko ba komai ka san abin da kake nema. Jini ne, ko dangi su bayar ko a rasa. Jijjiga kuwa, wadda wasu ke ce wa taune-taune, ga magani a hannunka ka yi, ga mara lafiya a gabanka, amma ba ka da tabbacin za ta kai asuba.

A Jami'ar Ahmadu Bello na yi karatu, lokacin asibitin koyarwa yana Tudun Wadan Zariya, tun ba a tare a Shika ba. Ba mu riski Farfesa Kelsey Harrison ba, ya bar Zariya kafin mu shiga ɗakunan marasa lafiya, amma aikinsa yana nan a bakin kowane malami na sashen mata. Mutumin Abonnema ne ta Jihar Ribas. Shi da abokan aikinsa suka bi haihuwa 22,774 a jere, daga 1976 zuwa 1979, ba su tsallake ko ɗaya ba, suka rubuta shekarun uwa, tsawonta, yawan haihuwarta, ko ta yi awon ciki, ko ta yi makaranta, da yadda aka ƙare. A 1985 aka buga sakamakon a mujallar likitocin mata ta Birtaniya. Babu kwamfuta a gefen gado a wancan zamani. Biro ne da kati da haƙuri.

Abin da ya fito daga lissafin nan kowace ungozoma ta san shi a zuciyarta, amma ba wanda ya taɓa ajiye shi a tebur da alƙaluma. Mafi yawan matan da suka rasu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. 'Yan mata ƙanana masu cikin fari da matan da suka yi haihuwa da yawa su ne a bakin rami. Har ma an gano cewa yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama girma ba, in aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, takan ƙara tsawo tana ɗauke da cikin. Wani malaminmu, Allah ya jiƙansa, in muna zagayen safe ya buɗe kati ya tarar ba a rubuta awon jini ba, ba ya faɗa. Sai ya miƙo maka katin ya ce, "Malam, wannan baiwar Allah in ta rasu, me za mu ce ya kashe ta?" Tambayar nan ta bi ni shekaru.

Bayan bautar ƙasa aka tura ni wani babban asibiti a garin da ba sai na faɗi sunansa ba. Likitoci ba mu da yawa, kiran dare kuwa ba ya yankewa. Masu jijjiga sun fi zuwa tsakar dare, a bayan akori-kura ko a cikin motar haya da aka yi shata, an shimfiɗa musu tabarma, uwa ko kaka tana riƙe da kai. Yawanci cikin fari ne, an tafi goyon ciki gida. Ƙafa ta kumbura tun makonni, aka ce alamar namiji ne ko tagwaye. Ciwon kai ya zo, ido ya fara gani dishi-dishi, aka jiƙa saiwa. Da ta faɗi sai a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya, a yi hayaƙi, a ɗura rubutu. Ba na zargin iyayen nan ko kaɗan. Abin da suka sani suka yi, kuma da ƙauna suka yi shi. Sai dai kafin a iso gare mu ta yi faɗuwa biyar ko goma, harshe ya tattaune ya cika baki, jini da yawu sun bushe a kumatu, ƙamshin turare da ƙaurin hayaƙi suna tashi daga zaninta.

Abin da muke yi a lokacin a haddace yake. A juya ta gefen hagu, a zuƙe majina, a naɗe cokali da bandeji a sa tsakanin haƙora, al'adar da yanzu an daina. A ɗaura ma'aunin jini, ka ga ya haura 170 ko 180. Takardar gwajin fitsari ba kullum ake samu ba, don haka sai Sista ta zuba fitsarin a siririyar kwalba, ta kanga samansa a harshen fitilar sifirit har ya tafasa, ta ɗiga ruwan asid. In ya yi gudaji fari bai narke ba, to ƙoda tana yoyon furotin, magana ta tabbata. Daga nan sai diyazifam: miligiram 10 a jijiya, sannan 40 a cikin ledar ƙarin ruwa ya riƙa ɗiga. Wasu tsofaffin likitoci sun fi son haɗin allurai uku, fetidin da abokansa. A kai ta ɗaki mai duhu, a rufe labule, a hana motsi, domin an ce ƙara da haske suna tayar da ciwon.

Diyazifam yana tsayar da faɗuwar da ake ciki, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ba ya hana ta dawowa yadda ake so, kuma in ta dawo sai a ƙara, in an ƙara sai barci ya yi nauyi. Mace ta kwana biyu tana minshari, ba ka san ko maganin ne ko jini ne ya ɓalle a ƙwaƙwalwa ba. Majina ta gangara huhu, zazzaɓi ya biyo baya. Jaririn ma yakan fito laƙwas, ba kuka, ba kama nono, saboda maganin ya ratsa mahaifa ya isa gare shi. Akwai wata tsohuwar Sista da ta girme ni da shekaru masu yawa, ita ta koya mini aikin hannu fiye da kowane littafi. Ba ta barin gefen gadon mai jijjiga. Takan jawo kujera ta zauna, tocila a cinya, tana ƙirga numfashi da agogon ƙirjinta. Wata rana kakar wata yarinya ta kamo gefen rigata ta ce, "Ɗan nan, gaya mini gaskiya, barci take ko tafiya take?" Sista ce ta amsa mata: "Iya, a ci gaba da addu'a, muna nan tare da ita." Da muka fito baranda ta ce da ni a hankali, "Likita, ni wannan barcin ne ba na so. A ce duk duniya ba wani magani sai wannan?"

Ashe akwai, kuma ya daɗe. Tun shekarun 1920 likitoci a Amurka suke amfani da gishirin magniziyam salfet, kuma a 1955 Jack Pritchard na asibitin Parkland da ke Dallas ya fitar da tsarin bayar da shi. Likitocin Birtaniya ba su yarda ba, mu kuwa littattafansu muka gada. Gardamar ta yi shekaru har aka yi abin da ya kamata a yi tun farko, wato gwaji na adalci. Lelia Duley da abokan aikinta daga Okisfod suka haɗa asibitoci a Afirka da Indiya da Kudancin Amurka, mata 1,687 masu jijjiga, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. A 1995 mujallar Lancet ta buga sakamakon: waɗanda aka yi wa magniziyam, haɗarin sake faɗuwarsu ya ragu da kashi 52 cikin 100 in aka gwada da diyazifam, da kashi 67 in aka gwada da wani magani, fenitoyin. A 2002 wani binciken mai suna Magpie, a ƙasashe 33 da mata sama da 10,000, ya nuna cewa in aka yi wa mai hawan jinin ciki allurar tun ba ta faɗi ba, haɗarin faɗuwar yana raguwa da kashi 58.

Ni takardar 1995 ta iso hannuna ne a hoton kwafi, ya dusashe, wani abokin karatu ya ba ni a wurin kwas na shirin jarrabawa. Na dawo da ita cike da murna. A sito babu maganin. A kemis-kemis na gari babu wanda ya taɓa jin sunansa. Ba tsada ce ta ɓoye shi ba, arha ce: ribarsa ba ta kai ɗan kasuwa ya wahala ba, tunda ba mai nema. Ba mai nema kuwa domin ba a koyar da shi a aikace ba, abin da kawai muka riƙe daga aji shi ne yana iya tsayar da numfashi. Tsoro ya hana rubutawa, rashin rubutawa ya hana sayowa, rashinsa ya hana koyo. Har yau in na tuna shekarun da ke tsakanin fitowar hujja da isowar allura, raina yana ɓaci. Matan da suka tafi a tsakanin ba ilimi aka rasa ba a kansu.

A Kano aka warware ƙullin a 2008. Ma'aikatar lafiya ta jihar, da ƙungiyar Population Council, da tallafin gidauniyar MacArthur, da likitoci irin su Jamilu Tukur na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suka zaɓi manyan asibitoci goma. Ba sabon magani suka ƙirƙiro ba. Sun kawo allurar, sun koyar da likitoci da ungozomomi, waɗanda aka koyar suka koma suka koyar da na ƙasa da su, aka manna tsarin a bango, aka ba kowa takardar cikewa. Da aka tattara, mutuwa a cikin masu wannan ciwo ta sauko daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa 2.3. A ganina wannan aiki bai gaza na Okisfod daraja ba, domin shi ne ya sauko da magana daga mujalla zuwa gadon mara lafiya.

Mu da ke wajen Kano ta bakin abokai labarin ya iso mana, daga baya maganin ya biyo. Giram 4 a jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu har kwana ɗaya bayan haihuwa ko faɗuwar ƙarshe. Kafin kowace allura abu uku: a buga gwiwa a ga ƙafa ta zabura, a ƙirga numfashi, a duba ledar fitsari. Makarinsa, kalsiyam gulukonet, yana ajiye a kusa. Tsoron da ya hana mu shekaru, ashe gudumar roba da agogo sun isa su tsare shi. Abin da ya fi girgiza ni ba raguwar faɗuwa ba ce, farkawa ce. Mace ta zo a sume da daddare, hantsi ya yi tana tambayar ina ɗanta, tana ƙorafin zafin allura a ɗuwawu. Muka yaye labulen ɗakin duhu. Sistar nan ta riga ta yi ritaya. Na je har gida na ba ta labari, ta daɗe tana hamdala.

Ba kowa ne ya karɓi takardun cikewa da sakin fuska ba. Magidanta sukan ce, "Likita, ba dai gwaji za ku yi da ita ba?" Suna da dalili. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin binciken da ya shafi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya dace ba, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Tabon nan bai goge ba. Na koyi in zauna da miji da uwa a benci, in yi bayani da Hausar gida, in ce in ba su yarda a rubuta ba, magani dai za a yi mata.

Daga Sakkwato ma an ƙara tubali. Bissallah Ekele da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo suka tambayi abin da mai aiki a karkara zai tambaya: in babu isassun ma'aikatan da za su bi allura duk awa huɗu, ta farkon kaɗai za ta wadatar? A mata 121, giram 14 na farko ya hana sake faɗuwa a fiye da kashi 90 cikin 100. Binciken ƙarami ne, bai soke cikakken tsari ba, amma ya ƙarfafa gwiwar a ce wa ma'aikaciyar ƙaramin asibiti ta yi allurar farko kafin ta ɗora mace a mota. Irin wannan tambaya ba za ta zo wa wanda bai taɓa kwana shi kaɗai da gadaje talatin ba.

Yanzu ɗalibai ake turo mini. Suna zano tsarin Pritchard ba gargada, da yawansu ba su taɓa ganin an ɗaura diyazifam a leda ba, kuma ina yi musu murna. Suna da abin koyi a kusa: Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, inda shimfiɗar leda mai ma'aunin jini da haɗa magunguna a lokaci guda suka rage munanan sakamakon zubar jini bayan haihuwa da kashi 60 cikin 100. Amma in na buɗe rajistar ɗakin haihuwa nakan tarar da gurabe ba a cike ba, shafi ya yage, an rubuta "ta rasu" ba lokaci ba dalili. Ɗalibi kuma sai shekarar ƙarshe ta zo ya rarraba takardun tambayoyi a gurguje don ya samu maki, ya ce ya yi bincike. Akwai kuma ranakun da akwatin magniziyam yake wayam, a rubuta wa miji ya fita nema ƙarfe biyun dare.

Don haka roƙona ga ƙannena likitoci da ungozomomi: ku cike katin nan ko kun gaji, ku zauna ƙarshen wata ku ƙirga wa ya rayu, wa ya rasu, da me. Shugabannin asibitoci da kwamishinonin lafiya, kada a bar ɗakin haihuwa ya kwana babu magniziyam da makarinsa. Kai kuma maigida, in mai ɗakinka tana da ciki ta ce kanta yana sarawa, idonta yana duhu, ko fuskarta ta kumbura, kada ka jira gari ya waye. A kai ta a auna jininta a daren.