Katako: Inda Tsohuwar Mobilet ke Neman Magani

Kasuwar Katako tana tsakiyar birnin Yamai, kuma ƙarar guduma ke sanar da baƙo cewa ya iso. Nan ake saida katako da kwano da siminti, nan maƙera ke maida tsofaffin duro su zama murhu da akwati, nan kuma ake narka alminiyom a zuba tukwane. A lungunan masu tsofaffin ƙarafa ne mai tsohuwar Mobilet ke yada zango idan sauran shagunan gari sun ce masa babu.

Wannan moto tana da tarihi. Kamfanin Motobécane na Faransa ya fito da ita a 1949. Kamfanin ya karye, aka sake masa suna MBK, daga baya Yamaha ta Japan ta karɓe shi, kuma a 2002 masana'antar Saint-Quentin ta daina ƙera ta. Kafin zuwan motocin Sin masu araha, Mobilet da ƙawarta Peugeot su ne dokin malamin makaranta da malamin asibiti da ɗan kasuwa mai tasowa. Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga Faransa. Tun lokacin masu moto suka koyi lallaɓa tsohon kaya.

Injinta ƙarami ne, bai cika santimita kubik 50 ba, kuma ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam: sai an gauraya shi da esansi, abin da ake kira melanji. Idan man ya yi kaɗan, piston ya kama. Idan ya yi yawa, buji ya yi baƙi, hayaƙi ya toshe salansa. Ƙurar hunturu kuwa ita ce babbar abokiyar gabar karbirato. Shi ya sa tsofaffin makanikai ke fara duba abu uku: wuta, mai, iska.

Buji da taya da sarƙa ba su da wuyar samu, domin akwai na wasu motoci da ke shiga. Wahalar tana ga piston da zobbansa, da kayan wuta, da igiyar roba mai juya inji. Su ba a jera su a kanta. Cikin tsibin ƙarafa ake tono su, daga gawar wata moto da ta riga ta mutu. Mai nema kan zo da tsohon abin a hannunsa, a gwada baki da baki, domin ciniki da kwatance shi ne mafarin asara. Abin da ya gagara samu, a sassaƙa shi: a yanka kwali mai kauri a madadin abin toshe yoyo, a liƙe ƙarfen da ya tsage da walda.

Idan Katako ta kasa, sai hanya ta miƙe gabas, fiye da kilomita 600 zuwa Maraɗi, daga nan Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, har kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Amma hanyar ba ta da tabbas. An rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har Maris 2024. Ga kuma jabun kaya, masu ƙyalli a ido, marasa ƙarko a titi.

Babban haɗarin yana cikin Katako kanta. Ma'aunin masu sayen ƙarafa bai san tarihi ba, kilo kawai ya sani, kuma injin da ya kai hannun masu narka alminiyom kan wayi gari tukunyar tuwo. Kowane inji da aka narka, kayan gyaran wata moto mai rai ne suka tafi. Makanikan da suka san sirrinta suna tsufa, yaransu kuma sun karkata ga motocin kabu-kabu, inda aikin yake kullum.

Ga ma'aikacin da ya ajiye aiki, wanda fanshonsa ba zai sai masa sabuwa ba, wannan moto ba kayan ado ba ce; ita ce ƙafarsa zuwa asibiti da kasuwa da gidan suna. Saboda haka masu dabara kan sayi matacciya ta biyu su ajiye a zaure, su riƙa cira kaɗan-kaɗan. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya adana ta.