Abin da ke cikin ƙoƙon Jibin Ubangiji



Tun bayan Ista tambayoyi biyu kuke ta aiko mana. In Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a bikin Kana, me ya sa ikkilisiyarmu take hana sha? Kuma me ya sa zoɓo muke zubawa a ƙoƙon Jibin Ubangiji? Ba za mu amsa muku da tsawa ba, domin tambayar mai karanta Littafi Mai Tsarki ce.

Mu fara da itacen kansa. Mu nan Yankwashi, Roni, Gwiwa, Babura da Kazaure, gero da dawa da riɗi da zoɓo muka sani. Kuringar inabi kuwa sai dai a wa'azi. Amma ba sai an je Isra'ila ba. A Kudan, kusa da Zariya, manoma suna noman inabi na ci, suna kafa turaku, su ja waya, kuringar ta hau ta yi rumfa. Da yake ba mu da sanyin Turai da ke sa itacen ya zubar da ganye ya huta, manomin ne yake datse rassan da hannunsa don ya sake yin fure. Baƙon da ya shiga gonar bayan datsa zai ɗauka ɓarna aka yi. Wanda ya taɓa ganin haka, daban zai karanta Yohanna 15, inda reshe mai ba da 'ya'ya ma bai tsira daga wuƙa ba.

A ƙasar Isra'ila ta dā, ana sassaƙa rami a dutse, a zuba 'ya'yan inabi, a tattake su da ƙafa, ruwan ya gangara zuwa wani rami a ƙasa. Ba sai an zuba masa komai ba. Yistin da ke jikin ɓawon ne yake cin zaƙin, ya mai da shi barasa, yana fitar da iska. Cikin zafi, kwana ɗaya ko biyu ya fara kumfa. Iskar nan ce take fasa tsohuwar salka a misalin da ke Markus 2:22. Ana girbin inabi wajen Agusta da Satumba, Idin Ƙetarewa kuwa sai Maris ko Afrilu, kuma babu firiji. To, ku yi lissafin da kanku.

Saboda haka ba za mu ce muku abin da aka sha a Kana lemo ne ba. A makarantar tauhidi mun ga kalmar Helenanci ɗaya ce, oinos, a Yohanna 2 da kuma Afisawa 5:18 inda Bulus ya hana buguwa. Gaskiya ne sukan sirka shi da ruwa, amma mai sa maye ne. Randunan dutse shida ne, kowacce tana cin wajen lita 80 zuwa 120. Uban bikin ya ɗanɗana, ya gane na bayan ya fi na farkon. Yau ɗanɗanawar nan sana'a ce a Faransa da Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, inda masu yinta suke shinshinawa, su kurɓa, su tofar, don kada aikin ya bugar da su. Waɗanda suka je ziyarar Ƙasa Mai Tsarki sun ga kwalabe jere a shagunan Kafr Kanna, kuma kusa da Baitalami akwai Cremisan, inda limaman Katolika suke yin ruwan inabi tun 1885.

Ruwan inabi marar barasa a teburin Ubangiji sabon abu ne. A 1869 wani likitan haƙori ɗan Methodist a Amurka, Thomas Welch, ya dafa ruwan inabi bisa hanyar Louis Pasteur don kashe yistin, saboda 'yan'uwan da ko ƙanshin giya kan mai da su baya. Zoɓonmu daga irin wannan tunani ya fito: ja ne, a gonarmu yake, kuma kowa zai iya matsowa teburin ba tare da tsoro ba. 'Yan'uwanmu Katolika har yau ainihin ruwan inabi suke amfani da shi. Ba mu ce sun yi zunubi ba, kada kuma mu ji kuna faɗa.

Dalilinmu na ƙin sha yana cikin gidajenmu. Da yawa cikinmu jikokin Maguzawa ne, kuma a wurin kakanninmu giya ce gayya, ita ce biki, ita ce makoki. A jiƙa dawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tashi. Ku tambayi dattawan da ke zama a bencin gaba rumbu nawa suka gani ya ƙare kafin damina ta faɗi, da kuma wa yake shan duka in maigida ya dawo da dare. Sa'ad da suka karɓi bishara, fasa tukunyar burukutu na cikin shaidarsu ta farko. Abin da Bulus ya koyar a Romawa 14 ke nan, mutum ya bar abin da yake da 'yancin yi saboda ɗan'uwan da zai yi tuntuɓe. Ga shi kuma tun shekarar 2000 Jigawa take bin shari'ar Musulunci. Mu kaɗan ne a nan, kuma in aka tsinci yaro ɗaya a kwata, ba sunansa maƙwabta za su kira ba, na majami'a za su kira.

Bari mu faɗa a fili kuma: cikin masu kawo hujjar Kana, kaɗan ne suka taɓa ganin kwalbar ruwan inabi. Abin da ke yawo a aljihun samari ƙaramar ledar ogogoro ce, da tramadol, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018. Kana ba ta da hannu a wannan.

Akwai abin da ya fi damunmu. A wasu ƙauyukanmu akwai gwauraye mata da dafa burukutu ne yake biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta, kuma wasu cikinku da wannan kuɗin kuka yi karatu. Hana irin wannan uwa Jibi abu ne mai sauƙi, amma ba ya sa tuwo a kwanonta. Maganar tana gaban dattawa da zumuntar mata. Muna roƙonku, kafin taronmu na gaba, ku zo mana da lissafi a rubuce: nawa ne tiyar busasshen zoɓo a kasuwar Kazaure, nawa sukari da citta da kanumfari da robobi, kuma nawa mace za ta samu a mako in ta koma sayar da shi.