Kalmar da Kawu Ya Ƙi Karɓa a Bakin Ruwan Zobe

A ranin da ya wuce na je gaida kawuna a ƙauyensu da ke kusa da madatsar ruwa ta Zobe, a ƙasar Dutsin-Ma. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, ya ce yana son in rubuta masa takardar koke da Turanci. Shekara goma sha ɗaya yana noman rani a wani fegi na bakin ruwa, tumatir da albasa da attaruhu. Da ƙungiyarsu ta manoma ta sake rabon filaye, sai aka miƙa fegin ga surukin wani jigo, shi kuma aka tura shi can tudu, inda sai ya haɗa tiyo uku kafin ruwa ya kai ga shuka, ga kuɗin man inji.

Na rubuta takarda, har ina yaba wa kaina. Sai ya ce in mayar masa da ita Hausa ya ji. Da na zo kan kalmar unfair, na ce, "Wato Kawu, ba a kyauta maka ba." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Yaro, wanda ya wuce bai yi mani sallama ba, shi ne bai kyauta ba. Ni zalina aka ci. In Turancin naka ba ya da wannan, bar shi, in tafi da bakina."

Da wannan magana na kwana, don ta tuna mini abin da na sani amma ban taɓa lura da shi ba. Bahaushe ba ya zuba kowane irin laifi a ƙwarya ɗaya, kuma kowane suna da ya ba laifi yana ɗauke da maganinsa. Idan aka ce "ba a kyauta ba", an taɓa mutunci ne, kuma ban haƙuri ya wadatar. Idan aka ce an yi son kai, ko an yi tuwona maina, mai rabo ne ya karkata, maganin kuwa a sake rabo. Ƙwara da tauye haƙƙi maganar awo ce, kamar mai tauye mudu a kasuwa, sai a cika abin da aka rage. Cuta kuwa kalma ɗaya ce da ciwon jiki, kamar ana nufin wanda aka cuta yana yawo da abin a jikinsa. Danniya da fin ƙarfi da kashin dankali suna nuna babba ne a kan ƙarami. A can ƙoli zalunci yake, wanda idan ya gagari alƙali sai a ɗaga kai sama a ce Allah ya isa. Ashe da na ce wa Kawu ba a kyauta masa ba, na yanke masa hukunci ne ban sani ba: a ba shi haƙuri ya koma tudu.

Turanci ma yana da matakansa. A tsohon Turanci kalmar fair kyan gani take nufi, shi ya sa kishiyarta ta fi dacewa da ƙorafin yara a filin ƙwallo. Injustice kuwa daga Latin ta zo, tana da ƙamshin kotu da doka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da wata abokiyar karatuna ta taɓa gaya mini. 'Yar Latbiya ce, wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba. A harshensu taisnība na nufin gaskiya, tana kuma nufin adalci, tushenta kalmar da ke nufin miƙaƙƙe. Idan za su ce maganarka daidai ce, sai su ce kana da taisnība, kamar yadda mu ma muke cewa kana da gaskiya. Suna kuma da wata kalma daban, pārestība, don cutar da wani ya yi wa wani, wadda aka gina a kan ma'anar bi ta kan mutum. Su ma, kamar mu, sun raba karkatar al'amari da hannun da ya karkatar da shi.

Wannan rabewa ce nake ganin mu 'yan boko muna neman sakewa. Kalmar da ta fi yawa a bakinmu da a rediyo ita ce "rashin adalci". Hausa ce ingantacciya, amma rashi ne kawai, kamar rashin ruwan sama, babu wanda ya aikata shi. Zalunci yana da azzalumi, cuta tana da macuci. Rashin adalci ba ya nuna kowa da yatsa, shi ya sa yake da daɗin faɗi a taro.

Ruwan da muke zaune a bakinsa ya isa misali. An kammala madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, da niyyar samar da ruwan sha da noman rani na dubban kadada. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan sha na yankin. Shekara talatin da takwas ke nan. Yaron da aka haifa shekarar da aka datse kogin ya girma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, yana sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ga tafki shimfiɗe a bayan gari. A harshen ofis wannan jinkiri ne, ko ƙalubale. Amma malamai suna fassara zalunci da ajiye abu a inda ba muhallinsa ba. A kan wannan ma'auni, ruwan da aka tara da dukiyar jama'a aka bar shi nesa da maƙogwaronsu yana da suna, ko da hannuwan da suka yi aikin sun yi yawa har ba a san wanda za a kama ba.

Da safe na yaga takardar farko. A ta biyu ban nemi wata kalma mai nauyi ba. Na rubuta shekarun da Kawu ya yi a fegin, da ranar da aka yi rabo, da dangantakar wanda aka ba da wanda ya raba, da yawan litar man da yake ƙonawa a mako yanzu. Na rufe da buƙata ɗaya, a mayar masa da feginsa. Da na karanta masa, ya gyaɗa kai ya ce, "To, yanzu duk wanda ya ji zai san sunan abin da kansa."

Na dawo Katsina ta hanyar Kurfi da kwandon albasar da ya cusa mini a mota. Har yau ƙungiyar ba ta zauna a kan takardar ba. Sun dai aiko wani dattijo ya ba Kawu haƙuri, shi kuma ya yi masa godiya, ya ce haƙurin ya karɓa, fegin yake jira.